Tuƙi Cikin Maye a Amurka: Me Ya Sa Kowace Jiha Take da Nata Hukuncin?

Malam Habibu, Columbus:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa, akwai wani al'amari da ya daɗe yana damuna game da dokokin ƙasar nan ta Amurka, kuma ina roƙon masu ilimin shari'a da ma'aikatan lafiya da direbobin da ke cikinmu su taimaka mu dube shi da idon basira. Maganar hukuncin wanda aka kama yana tuƙi cikin maye ce. A nan jihar Ohio, wanda kotu ta samu da wannan laifi a karon farko zai yi aƙalla kwana 3 a tsare, ko kuma ya shafe waɗannan kwanaki a wani shirin horar da direbobi, kuma akwai waɗanda ake tilasta wa sanya lambar mota mai launin rawaya da jan rubutu, ta yadda duk wanda ya biyo bayansu a titi zai gane abin da suka aikata. A jihar Arizona doka ta yanka kwana 10 a gidan yari tun daga karon farko, ko da yake alƙali yana iya ɗage 9 daga ciki idan mai laifin ya kammala shirin bincike da gyaran hali. Idan barasar da ke jininsa ta kai kashi 0.15 cikin 100 kwanakin su koma 30, idan ta kai 0.20 su koma 45. Amma a jihar Wisconsin kamun farko bai ma shiga sahun laifuffukan da ake ɗaure mutum a kansu ba, tara ce ta dala 150 zuwa 300 da wasu ƙarin kuɗaɗe, sai ƙwace lasisi na wasu watanni.

Abin da na kasa fahimta shi ne yadda ƙasa ɗaya za ta bar hukuncin abin da ke kashe dubban mutane duk shekara ya dogara da inda aka tare direban. Ran yaron da ke tsallaka titi a Milwaukee ta jihar Wisconsin bai fi na yaron Phoenix ta jihar Arizona araha ba. Ni a ganina ya kamata gwamnatin tarayya ta kafa doka guda mai tsauri da za ta hau kan kowa, ba sani ba sabo.

Barista Hadiza, Baltimore:
Wa alaikumus salam, Malam Habibu. Tambayarka tana kan hanya, amsarta kuma tana cikin yadda aka gina tsarin mulkin ƙasar tun asali. Ikon hukunta laifuffukan yau da kullum, da bayar da lasisin tuƙi, da tsara amfani da tituna, duk a hannun jihohi yake, domin kundin tsarin mulki bai miƙa wa gwamnatin tarayya su ba. Game da giya kuwa, gyara na 21 da aka yi wa kundin a 1933 ya ƙara damƙa wa jihohi ikon tsara shigo da ita da sayar da ita. Saboda haka majalisar tarayya da ke Washington ba ta rubuta wa alƙalin Wisconsin kwanakin da zai yanke wa direba.

Abin da gwamnatin tarayya take da shi a hannu shi ne kuɗin gina manyan hanyoyi, kuma da shi take jan jihohi zuwa inda take so. A 1984 Shugaba Ronald Reagan ya sanya hannu a kan dokar da ta ce duk jihar da ba ta mayar da shekarun sayen giya 21 ba, za a zaftare mata wani kaso na wannan kuɗi. Jihar South Dakota ta kai ƙara, amma a 1987 Kotun Ƙoli ta ce majalisa tana da damar gindaya irin wannan sharaɗi. Da wannan dabara aka sake amfani a shekarar 2000, lokacin da Shugaba Bill Clinton ya amince da dokar da ta matsa wa jihohi su sauko da iyakar barasa a jini zuwa 0.08, alhali da yawansu a lokacin suna kan 0.10. Zuwa 2005 dukkansu sun bi sahu, Minnesota ce ta ƙarshe wajen fara aiki da ita. To ka ga kusan an haɗa kai a kan ma'aunin da ke nuna mutum ya bugu a idon doka, amma abin da za a yi masa bayan an kama shi, wannan kowace majalisar jiha da nata.

Malam Lawal, Kano:
Allah ya gafarta Malamai, ku yi mini uzuri, ni daga gida nake bin wannan tattaunawa. Ban ga dalilin da zai sa mu ɓata lokaci a kan ƙididdigar barasar da aka yarda mutum ya sha kafin ya tuƙa mota ba, tunda mu addininmu ya haramta ta kacokan, kaɗan da mai yawa. Mu ba mashaya ba ne, dokar ba za ta taɓa hawa kanmu ba. Kuma idan da gaske suke son kawo ƙarshen matsalar, me zai hana su hana giyar gaba ɗaya, maimakon su buɗe mashaya a kowane lungu sannan su koma suna farautar masu fitowa daga ciki?

Hajiya Rakiya, Bronx:
Malam Lawal, Allah ya saka da alheri, amma ina so ka sani cewa wanda ba ya sha shi ne ya fi kowa buƙatar wannan doka. Ni aikin jinya nake yi, kuma na daɗe ina karɓar waɗanda ake kawowa sashen gaggawa da tsakar dare a ƙarshen mako. Na taɓa karɓar wani dattijo mai aikin gadi da ya taso daga aiki yana jiran bas a bakin titi, mota ta hau dakalin ta murƙushe masa ƙafafu biyu, jakar abincinsa tana rataye a kafaɗarsa har aka shigo da shi. Mutumin nan bai ji ba bai gani ba. Direban kuma aka kwantar da shi a gadon da ke kusa, da ɗan rauni a goshi, ɗan sanda yana tsaye a kansa yana jiran a ɗebi jininsa. Alƙaluman hukumar kiyaye haɗurra ta tarayya, NHTSA, sun nuna cewa a 2022 sama da mutum 13,000 suka mutu a haɗurran da direba ke cikin mayen barasa, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na duk waɗanda suka mutu a titunan Amurka a shekarar. Yawancin mazajenmu a nan New York a kan titi suke neman abinci, masu tasi da masu Uber da masu kai saƙo a kan keke, kuma a daidai lokacin da mashaya ke tashi suke kan aiki.

Bayan haka, kada mu rufe ido a kan 'ya'yanmu da aka haifa a nan. Suna makaranta da kowa, suna fita da abokai, kuma ba kowane ne yake riƙe tarbiyyar da aka ba shi a gida ba. Ga duk wanda bai kai shekara 21 ba, iyakar a kowace jiha ba ta wuce 0.02 ba, a wasu ma ko ɗigo aka gano an gama. Uwar da ba ta san wannan ba, ranar da aka kira ta daga ofishin 'yan sanda ba za ta san ta inda za ta fara ba.

Dokta Umar, Atlanta:
Game da hana giya gaba ɗaya da Malam Lawal ya kawo, Amurka ta gwada. Daga 1920 zuwa 1933 kundin tsarin mulki da kansa ya haramta sarrafa ta da safararta da sayar da ita a faɗin ƙasar. Fasa-ƙwauri ya yi ƙamari, gungun miyagu masu aikata manyan laifuffuka suka yi ƙarfi a birane irin su Chicago, daga ƙarshe aka soke haramcin da gyaran da Barista ta ambata. Al'ummar da mafi yawanta ba su ɗauki abu haramun a zuciyarsu ba, da wuya doka kaɗai ta raba su da shi. Shi ya sa aka koma ga ƙoƙarin raba shan da tuƙin.

Kuma wannan ƙoƙari ya yi tasiri ƙwarai. A 1982 waɗanda suka mutu ta wannan hanya sun haura 21,000, a lokacin da yawan jama'a da motoci bai kai na yanzu ba. Babban abin da ya juya akalar shi ne yunƙurin wata uwa, Candy Lightner, wadda wani direba mai tarihin kamu a kan tuƙi cikin maye ya kashe 'yarta Cari mai shekara 13 a California a watan Mayun 1980. Ita ta kafa ƙungiyar iyaye mata da aka sani da MADD, suka riƙa zama a kotuna suna sa ido a kan hukuncin da alƙalai ke yankewa, suka riƙa bin majalisun jihohi ɗaya bayan ɗaya. Kafin wannan lokaci, mutane da yawa suna kallon abin a matsayin tsautsayi kawai.

Alhaji Mamman, Houston:
Salamu alaikum. Ni direban babbar mota ne, kuma a tafiya guda nakan ratsa jihohi da dama, don haka bambancin da Malam Habibu yake magana a kai ina ganinsa da idona. Sai dai mu masu lasisin manyan motoci namu ya fi zama bai ɗaya, domin ƙa'idar tarayya ce take bin mu. Iyakarmu 0.04 ce idan muna kan motar aiki. Kamun farko yana jawo dakatar da lasisin na shekara guda, na biyu kuma haramci ne na har abada, ko da a ƙaramar motarka ta gida aka kama ka ranar da ba ka aiki.

Abin da nake so in ja hankalin 'yan'uwa a kai, musamman masu cewa mu ba ma sha, shi ne dokokin nan ba a kan giya kaɗai suka tsaya ba. Duk abin da ya gusar da hankalin direba ko ya rage masa kuzari yana iya jawo tuhuma iri ɗaya, har da maganin da likita ya rubuta, kamar na barci ko na kashe raɗaɗi mai ƙarfi. Mu da muka taso a tashoshin mota tsakanin Maraɗi da Katsina da Kano mun san yadda wasu direbobi suka mayar da tramadol abin ƙara ƙarfin aiki. Wanda ya zo da wannan ɗabi'a nan ƙasar, ya sani ɗan sanda ba ya buƙatar jin warin giya kafin ya sa masa ankwa. Har gajiya ma akwai inda aka shigar da ita doka. A New Jersey tun 2003, direban da ya yi awa 24 bai runtsa ba sannan ya yi haɗarin da aka rasa rai, ana iya tuhumarsa da kisa ta hanyar ganganci da mota. Masu haɗa aikin dare da na rana su lura da wannan.

Nasiru, Madison:
Ina gaida iyayena da yayyena. Tunda an ambaci Wisconsin, kuma a nan nake karatu, bari in ƙara haske kaɗan. Gaskiya ne a jihar nan kamun farko bai zama laifin da ke shiga kundin masu laifi ba, amma akwai iyakoki. Idan akwai yaro ɗan ƙasa da shekara 16 a cikin motar, ko kuma an ji wa wani rauni, kamun farkon ma laifi ne da ake ɗauri a kansa. Ana ƙwace lasisi na wata 6 zuwa 9, kuma wanda barasarsa ta kai 0.15 ko ya ƙi yarda a gwada shi, dole ya sanya na'urar busawa a motarsa, wato wadda ke hana motar tashi idan ta ji barasa a numfashinsa. Kamu na huɗu shi ne yake zama babban laifi.

Dalilin sassaucin kuwa yana da alaƙa da al'adar wurin. Jiha ce da masana'antun giya suka kafu tun zuwan Jamusawa 'yan ci-rani, har doka ta yarda yaron da bai kai 21 ba ya sha a mashaya idan yana tare da mahaifinsa ko mahaifiyarsa kuma mai wurin ya amince. Ƙungiyar masu mashaya ta jihar tana da faɗa a ji a majalisa, kuma an sha gabatar da ƙudirin mayar da kamun farko cikakken laifi ba tare da ya wuce ba. Wannan ne ya sa nake goyon bayan Malam Habibu, domin idan aka bar wa kowace majalisa, masu cin riba daga sayar da giya sun fi iyayen waɗanda aka kashe kusanci da 'yan majalisar.

Dokta Umar, Atlanta:
Nasiru, ka kawo magana mai nauyi, amma ina so mu bambanta abu biyu: hukuncin da ke sanyaya zuciyar jama'a, da matakin da ke hana haɗarin aukuwa. Wanda ya sha ya kama hanyar gida ba ya lissafin ko kwana 3 ne ko 10, abin da yake aunawa shi ne ko za a tare shi a daren nan. Masu bincike a wannan fanni sun daɗe suna nuna cewa tabbacin kamu da saurin hukunci sun fi tsawon ɗauri tasiri. Wanda aka ɗaure kwana 10 zai fito, motarsa tana nan, mashayar ma tana nan.

Shi ya sa na fi ba na'urar busawa muhimmanci. Na ga yadda take aiki a motar wani maƙwabcina. Wata 'yar na'ura ce kamar wayar hannu, an haɗa ta da makunnin motar da igiya. Kafin injin ya tashi sai ya busa mata numfashi na wasu daƙiƙoƙi, ta yi ƙara, ta nuna sakamako. Idan ta ji barasa, motar ba za ta tashi ba. Yana cikin tafiya ma takan sake neman ya busa, don kada wani ya busa masa a farko, kuma da yawa suna da kyamara mai ɗaukar fuskar mai busawar. Lokaci zuwa lokaci yakan kai ta a duba, a kwashe bayanan a aika wa hukuma, kuma shi yake biyan kuɗin. Hukumar yaƙi da cututtuka ta tarayya, CDC, da ke nan Atlanta ta ce na'urar tana rage sake aikata laifin da kusan kashi 70 cikin 100 muddin tana jikin motar. New Mexico ce ta fara wajabta ta ga duk wanda aka samu da laifi, har da na karon farko, a 2005, kuma yanzu fiye da rabin jihohi sun bi ta.

Ga kuma misalin Utah, wanda shi ne hujjata a kan amfanin barin jihohi su gwada abin da suke gani. A 2013 hukumar binciken haɗurra ta NTSB ta ba da shawarar a sauko da iyakar zuwa 0.05, kamar yadda take a Faransa da Jamus. Utah ce kaɗai ta karɓa, dokarta ta fara aiki ranar 30 ga Disamban 2018. Masu otal da gidajen abinci sun yi ta kukan cewa baƙi za su ƙaurace wa jihar. Binciken da NHTSA ta fitar a 2022 ya nuna yawan haɗurran da ake rasa rai, idan aka auna da nisan tafiyar da motoci suka yi, ya ragu da kusan kashi 20 cikin 100 tsakanin 2016 da 2019, fiye da raguwar da aka gani a sauran ƙasar nesa ba kusa ba, kuma yawon buɗe ido bai durƙushe ba. Da a ce doka ɗaya ce daga Washington, da wuya a ce an taɓa gwada 0.05 a ko'ina.

Malam Habibu, Columbus:
Dokta, na ji bayaninka, amma idan tabbacin kamu shi ne maganin, to a nan ma bambancin jihohin ya dawo. Ina jin cewa akwai jihohin da 'yan sanda ba su da ikon kafa shingen bincike su tare motoci da dare. Barista, yaya gaskiyar wannan?

Barista Hadiza, Baltimore:
Haka ne, Malam. A 1990 Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke cewa shingen binciken masu maye bai saɓa wa kundin tarayya ba, a wata shari'a da ta taso daga Michigan. Amma da maganar ta koma gida, kotun ƙolin Michigan ta ce kundin tsarin mulkin jihar ya fi ba ɗan ƙasa kariya, don haka shingen haramun ne a can. Texas da Wisconsin da Minnesota da Oregon da Washington suna cikin jihohin da ba a kafa shi. A irin waɗannan wurare sai ɗan sanda ya ga wani dalili, kamar mota tana tangaɗi tsakanin layuka ko ta ƙetare jar fitila, kafin ya tsayar da ita.

Akwai kuma abin da kowane mai lasisi ya kamata ya sani. A dukkan jihohi, tuƙi a kan titin gwamnati yana nufin ka riga ka amince a gwada numfashinka ko jininka idan aka kama ka bisa zargin maye. New York ce ta fara wannan ƙa'ida a 1953. Ƙin yarda yana da nasa hukuncin daban, ko da daga baya kotu ta wanke ka daga tuhumar mayen. A New York ɗin, ƙwace lasisi ne na aƙalla shekara guda da tarar dala 500. A 2016 Kotun Ƙoli ta fayyace cewa ana iya gwajin numfashi ba tare da sammacin alƙali ba bayan an kama mutum, amma ɗibar jini tana buƙatar sammaci, sai fa idan akwai wani uzuri na gaggawa. Sannan a jihohi da dama ba sai motar tana tafiya ba: wanda ya bugu ya kwanta a kujerar direba da mabuɗi a hannu ana iya tuhumarsa, domin ana ɗaukar motar tana ƙarƙashin ikonsa.

Hajiya Rakiya, Bronx:
Dokta, ban musa amfanin na'urar ba, amma ban yarda a mayar da ɗauri abin sanyaya zuciya kawai ba. Wanda aka kashe wa ɗa yana da haƙƙi, kuma hukunci ai ba don gobe kaɗai ake yin sa ba, har da abin da ya riga ya faru. A nan New York, a watan Oktoban 2009, wata yarinya 'yar shekara 11 mai suna Leandra Rosado ta rasu lokacin da motar da mahaifiyar ƙawarta ke tuƙawa cikin maye ta kife da yara a ciki. Cikin 'yan makonni majalisar jiha ta zartar da dokar da ke ɗauke da sunanta, wadda ta mayar da tuƙi cikin maye da yaro ɗan shekara 15 ko ƙasa da haka babban laifi tun daga karon farko. A California, wanda aka samu da laifin ana karanta masa gargaɗi a kotu cewa wannan aiki yana kashe mutane, kuma idan ya sake har wani ya mutu, ana iya tuhumarsa da kisan kai. Wannan ya yi mini daidai, domin kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Wadda ta fi burge ni ita ce dokar da Tennessee ta fara a 2022, Texas ta biyo baya a 2023, wadda ta ce direban da ya kashe uba ko uwa cikin maye zai riƙa biyan kuɗin rainon marayun da ya bari har su girma. Wata kaka ce daga Missouri, wadda ta rasa ɗanta da matar da zai aura da jaririnsu a haɗari guda a 2021, ta yi ta fafutuka har aka fara karɓarta. Mu da muka san hikimar diyya ba za mu ga baƙon abu a nan ba.

Alhaji Mamman, Houston:
Hajiya, maganarki gaskiya ce, sai dai tsaurin doka a takarda daban, yadda take sauka a kan mutane daban. A nan Texas kamun farko yana iya kai wa tarar dala 2,000 da ɗaurin da ya kama daga kwana 3 zuwa 180, na uku kuma shekara 2 zuwa 10 ne. Amma a wannan jihar ce a 2013 wani matashi ɗan masu kuɗi, Ethan Couch, mai shekara 16, ya kashe mutum huɗu yana tuƙi da barasar da ta ninka iyakar manya sau uku, lauyoyinsa suka kawo masanin da ya ce gata ne ya hana shi sanin daidai da kuskure, aka sallame shi da sa-ido na shekara 10 ba tare da an tura shi kurkuku a lokacin ba. Talakan da ke aikin gini kuwa, ko bai taɓa kowa ba, da zarar lasisi ya tafi aikinsa ya tafi, ga kuɗin lauya, ga na jan mota, ga inshorar da za ta yi tashin gwauron zabo na shekaru. A garin da babu isassun motocin haya na gwamnati, da yawa sai su ci gaba da tuƙi ba lasisi, su ƙara faɗawa wani laifin. Saboda haka ni ina tare da Dokta a kan na'urar, domin tana barin mutum ya je aiki ya ciyar da iyalinsa amma ta hana shi tayar da mota a buge, da sharaɗin jiha ta tallafa wa wanda ba shi da halin biyan kuɗinta.

Malam Habibu, Columbus:
Na gode wa kowa. Har yanzu ina kan ra'ayina cewa akwai mafi ƙarancin hukuncin da bai kamata wata jiha ta sauka ƙasa da shi ba. Idan an iya amfani da kuɗin hanyoyi aka tilasta shekara 21 da 0.08, ban ga abin da zai hana a yi amfani da shi a wajabta na'urar busawa ga kowane mai laifi, kuma a sa kamun farko ya zama laifi a ko'ina ba. Jihar da take son ta ƙara tsauri kamar Utah sai ta ƙara.

Nasiru, Madison:
Anti Hadiza, ina da tambaya saboda ɗalibai 'yan'uwana da ke nan da bizar karatu. Tunda a Wisconsin kamun farko tara ce kawai, shin hakan yana nufin ba zai shafi takardun mutum ba, kuma idan ya koma wata jiha an wuce wurin?

Barista Hadiza, Baltimore:
A'a, Nasiru, kada kowa ya dogara da wannan. Jihohi suna musayar bayanan direbobi, akwai kuma rajistar tarayya ta waɗanda aka ƙwace wa lasisi, wadda ake dubawa kafin a ba mutum sabo a wata jiha. Jihohi da yawa suna lissafa hukuncin da aka yanke a wani wuri idan aka sake kama mutum a cikinsu, kuma tsawon shekarun da ake waiwayawa ya bambanta, a California da New York shekara 10 ne ga yawancin shari'o'i. Kamfanonin Uber da Lyft ma suna duba tarihin tuƙi na shekara 7, kuma wannan laifi yana hana ɗaukar mutum.

Batun shige da fice kuwa na tarayya ne, ba ruwansa da sassaucin wata jiha. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka tana iya soke bizar ɗalibi ko ma'aikaci saboda kamu kawai, tun kafin kotu ta zauna, kuma idan ya fita ƙasar sai ya sake neman biza, galibi bayan likitan da ofishin jakadanci ya amince da shi ya duba shi. A 2019 babban lauyan gwamnati na lokacin, William Barr, ya yanke cewa hukunci biyu ko fiye na tuƙi cikin maye yana sa a ɗauka mutum ba shi da kyawun halin da dokar shige da fice ke buƙata, sai ya kawo hujjar da ta rushe wannan zato, kuma jami'an da ke duba takardar neman zama ɗan ƙasa suna aiki da wannan. Kanada ma tun Disamban 2018 ta ɗauki laifin a matsayin babba, tana iya mayar da mutum daga kan iyaka saboda hukunci guda da aka yanke masa a Amurka. Duk wanda ba ɗan ƙasa ba ne kuma aka kama shi, kada ya amsa laifi ko ya biya tara don a gama da wuri kafin ya zauna da lauyan da ya san dokar jihar, sannan da wanda ya san dokar shige da fice, domin sau da yawa ba mutum ɗaya ne ya ƙware a duka biyun ba.